Direban doguwar hanya: mi ke tsaron ranshi?



Maganar yau ta direbobin manyan motoci ce, masu doguwar tahiya. Wani za shi ce, mi ya haɗa manomi da direban tirela? Abin da ya haɗa su shina da yawa. Albasar Galmi ba ta zuwa Akara ko Abijan da ƙafarta. Waken Maraɗi da na Damagaram, mota ke hita da shi. Shinkafa da sukari da takin zamani da maganin likita, duk bisa mota su ke shigowa, tunda Nijar ba ta da bakin teku. Bayan haka, da wuya a samu babban gari na bakin kwalta wanda ba shi da ɗa cikin wanga aiki. Wani direba ne, wani yaron mota ne, wanda a ke ce ma aparanti. In sun tashi, sai a yi wata guda ba a gan su ba. Iyaye na gida suna saurare.

Hanyar kuwa doguwa ce. Daga Yamai zuwa Maraɗi wajen kilometir 660 ne. Zuwa Damagaram kusan 900. Da can, mahi yawan kayan ƙasa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano su ke tasowa. Su ratsa ƙasar Benin, su ƙetare gadar Gaya, tahiyar da ta hi kilometir 1000 kahin a kai Yamai. A shekara ta 2023, bayan juyin mulkin watan Yuli, anka ruhe wagga iyaka. Motoci sunka koma tashar Lome ta ƙasar Togo. Daga can su ratsa Burkina Faso, su biyo ta Dori, su shigo Nijar ta Tera. Hanyar ta ƙara tsawo, kuma ta bi ta dajin da ƴan bindiga ke ciki.

Yaron da ya shiga mota sabo, tambayarshi ta farko ita ce wane makami ya kamata shi riƙe. In an ɗaga kujerar motoci da dama, za a iske adda, ko kulki, ko wuƙa. Wani ya ƙara da laya da guru a ƙugu. Za a zo ga zancen makami. Amma tsohon direba, wanda ya tsufa bisa hanya kuma ya koma gida da ƙafafunshi, in an tambaye shi ba daga nan za shi fara ba. Daga ayari za shi fara.

Ayari

Kakanni sun san wanga al'amari tun ba a yi mota ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna yin watanni bisa hanya, da jakkai da kaya masu tsada. Babu mai tashi shi kaɗai. Suna da madugu, shi ke da magana ta ƙarshe. Suna da jagaba, mai shiga gaba shi duba hanya da wurin sabka. Zango sananne ne, ba a kwana duk inda dare ya iske mutum. Haka Buzaye masu zuwa Bilma ɗaukar gishiri, cikin ayari su ke ratsa Tenere. Waɗanga mutane ba matsorata ba ne. Sun dai lura ɗan fashi shina zaɓe, kuma wanda ke tahiya shi kaɗai a ke zaɓa.

Bayan da motoci sunka koma hanyar Dori da Tera, sai anka koma ga dabarar kakanni. Manyan motoci su taru da yawa, har ɗaruruwa, su jeru, sojoji na gaba da baya. Jiran wagga rakiya shina da wuya ƙwarai. Direba shi yi kwanaki, wani lokaci makwanni, shina kwana gindin mota. Kuɗɗin guzuri su ƙare. Mai kaya shina bugo waya sahe da yamma. Nan ne zuciya ke raya ma mutum shi lallaɓa shi wuce shi kaɗai.

A watan Janairu na 2025, direbobi 4 ƴan ƙasar Maroko sunka tashi daga Dori za su Tera, babu rakiyar soja. Sunka ɓace, su da motocinsu. Sai a watan Agusta anka samu sakinsu, can cikin ƙasar Mali, bayan sun yi wata 6 da ɗoriya hannun ƴan bindiga. Su Allah ya yi da sauran kwanansu. Gaskiya ne, ayarin ma an sha kai mishi hari. Amma cikin ayari, in abu ya faru akwai mai maida wuta, akwai mai ɗaukar wanda ya ji ciwo, akwai mai kai labari gida. Wanda ke shi kaɗai, ko inda ya ɓace ba a sani ba.

Ba sai an tahi Tera ba. A jihar Maraɗi, mutanen Madarumfa da na Gidan Rumji sun san satar mutane domin kuɗɗin fansa, shekaru ke nan. Ƙetaren iyaka, hanyar Jibiya zuwa Katsina ita ma ta sha tarewa. A irin waɗanga wurare, in babu rakiyar hukuma, direbobi su ke haɗa nasu ayari. Mota 3 ko 4 su tashi tare, da rana tsaka, su shirya tun a tasha inda za su tsaya da inda za su kwana. In ta ɗaya ta lalace, sauran ba su barin ta. Wanga shiri ba shi cin ko dala. Haƙuri kawai shi ke ci, dan mai gaggawa dole shi jira mai nawa.

A nan akwai magana ga masu kaya, kuma wasunsu manoma ne da ke cikin ƙungiyar albasa. Albasa ba ta son jira, kowa ya sani. In ta kwana biyu cikin zahi ƙarƙashin tampol sai ta fara ruɓa. Amma Alhajin da ke zaune cikin inuwa shina matsa ma direba shi ratsa daji da dare, shi sani ran ɗan wani ya ke sa wa cikin ciniki. In direba ya ce hanya ba ta da kyau yau, a bar shi. Shi ke ganin hanyar.

Labarin hanya

Jagaban direban yau shi ne labari. Kahin shi tashi, shi tambayi ƴan sandika na tasha. Shi tambayi jandarman da ke bakin shinge. Shi tambayi direban da ya hito daga inda za shi. Mai shayi na bakin tasha ma shina da labari, dan kowa wurinshi ya ke zama. Akwai kuma alama guda da tsoffin direbobi ke lura da ita. Hanyar da ta saba da motoci, in an daɗe ana tahiya ba a gamu da ko guda mai zuwa ba, to akwai abin da ya tsaida su a gaba. Sai a dakata a gari na kusa, a bincika.

Direba shi nemi labarin kowa, amma nashi shi riƙe. A wurin cin tuwo ba a faɗin abin da ke cikin mota, ko nawa anka sayar, ko ƙarhe nawa za a tashi. Ƴan fashi suna da masu kai musu rahoto, kuma mai rahoto ba shi da alama a goshi. Yara masu ɗaukar hoton mota da kaya suna sa wa a Facebook ko WhatsApp tun ana bisa hanya, su ma rahoto su ke badawa ba su sani ba. Baƙon da ya tsaida mota cikin daji shina roƙon a rage mishi hanya, abin tausai ne, amma wurin ɗaukar mutum tasha ce, gaban shaidu.

Salula ta zamo da caji kullum, da kuɗɗin kira a ciki. Wanda ke ƙetare iyaka shi nemi layin ƙasar da za shi shiga. Duk zangon da anka kai, a sanar da mai mota ko wani na gida: an kai wuri kaza, za a kwana wuri kaza. In an ji shiru, an san daga inda za a fara nema. Lambobin kuma a rubuta su cikin ɗan littahi, dan ɓarawo salula ya ke fara amsa.

Sai kuɗɗi. Da can direba kan dawo daga Akara ko Kano da kuɗɗin kaya ɗaure cikin tsumma ƙarƙashin kujera. Yanzu babu dalilin haka. Akwai gidajen aika kuɗɗi irin su Nita da Al Izza da Amana a garuruwa da yawa. A zuba kuɗɗin can, a amshi takarda, a duba adadin da anka rubuta. Wanda ya iya karatu ba a rage mishi sihiri guda bai gani ba. Abin da za shi rage a aljihu shi ne na abinci da na hanya.

In an tare hanya

Duk da haka, wata rana ana iya gamuwa da su. Dabarunsu sanannu ne. Su gitta icce ko duwatsu bisa kwalta. Su watsa ƙusoshi. Wani shi kwanta bakin hanya kamar wanda mota ta kaɗe. Wasu su sa tufafi irin na ma'aikata, su riƙe hitila. Shingen hukuma na gaskiya, direban da ya san hanya ya san wurinshi. Sabon shinge cikin duhu, nesa da gari, abin tuhuma ne.

In direba ya hango abin tun da nisa, shi tsaya can, shi kira na bayanshi, shi kira hukuma. In kuwa ya riga ya shiga tsakiyarsu, to shi tuna irin motar da ke hannunshi. Tirela mai ɗauke da ton 30 ko 40 ba ta juyawa kamar babur. Ba ta tsere ma harsashi. In ya ce za shi banke shingen, taya na iya fashewa, mota ta kihe da shi da yaranshi.

Saboda haka shi tsaida mota. Shi kunna hitilar cikin gida, shi aza hannuwa bisa sitiyari inda za a gan su. Kar shi kai hannu ƙarƙashin kujera ko cikin aljihu sai an ce shi yi. Mai bindiga shi ma a tsorace ya ke, sau da yawa kuma ya sha ƙwaya. Motsi kaɗan ya ishe shi harbi. Kar a tsura mishi ido, kar a nuna an gane shi ko da an gane shi. Abin da ya nema a ba shi. Direbobi da dama suna aje ƴan jikkuna wuri guda domin irin wagga rana, saboda ɗan fashin da bai samu komi ba shi ya hi mugunta.

Yaron mota ya kamata a gaya mishi wanga tun a gida. Yaro ne, jininshi na tafasa. Shina iya zabura da gudu, ko shi ɗauko ƙarhen taya shi ce za shi kare maigidanshi. Maigida shi zaunar da shi tun kahin a tashi, shi ce mishi: in an tare mu, abin da na yi shi za ka yi, kuma bakinka alaikum. Iyaye sun ba da amanar ɗansu ga direba. Amanar ta hi buhun da ke baya nauyi.

Wani za shi ce wanga ragwanci ne, namiji shi miƙa dukiyar mutane ba gardama? A auna. Mota tana da asiransi, ko ba ta da shi ana sayen wata. Kaya ana biya, ko a yahe. Direban da anka harbe ya bar mata da ɗiya, kuma kayan duk da haka sun tahi.

Bayan sun wuce, a fara duba wanda ya ji ciwo. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, a danne da ƙarhi, kar a saki har a kai likita. Daga nan sai gidan jandarma mahi kusa, ko da abin da anka ɗauka kaɗan ne. A faɗi wurin, da lokacin, da yawansu, da harshen da su ke yi, da inda sunka nufa. Wanga rahoto shi ke tsaron motar da ke tahe gobe. Shi ne kuma ke wanke direba gaban mai kaya, dan an sha zargin direba da haɗa baki. Takardar da jandarma ya rubuta, direba shi karanta ta, ko shi sa a karanta mishi, kahin shi sa hannu.

Zancen makami

To, ga zancen da yaro ya tambaya. Riƙe bindiga ba da izinin hukuma ba laihi ne a Nijar, ana zuwa kaso a kanshi. Direban doguwar hanya kuwa shina wuce shinge bayan shinge, na jandarma, na ƴan sanda, na duwan, cikin ƙasa biyu ko ukku. Izinin wata ƙasa ba shi aiki a wata. A yankin da a ke yaƙi da ƴan bindiga, wanda anka kama da bindiga ɓoye cikin mota ba za a ɗauke shi mai tsaron kai ba. Za a ɗauke shi mai kai ma ƴan daji makamai. Kuma ko da ta tsira daga bincike, bindiga guda mi za ta yi gaban mutum 10 da sunka riga sunka ɗana nasu?

Doka ta yarda mutum shi kare ranshi, ko ran wani, lokacin da anka far mishi kuma babu wata mahita. Amma kariyar tana da iyaka. Ɓarawon da ya saki kaya ya ruga, in an bi shi an sare shi, wanga ba tsaron kai ba ne gaban alƙali. Wanda anka kama anka ɗaure, hukuma a ke kai ma shi. Duka har mutuwa kisan kai ne, ko mi ya sata.

Adda tana da aikinta cikin mota: saran reshe, yanke igiya, gyaran wurin kwana. Sanda ma ba laihi. Inda su ke da ɗan amfani shi ne gaban ƙananan ɓarayi na wurin kwana, masu yanke tampol, masu zuƙe gazuwal, masu kwance batir. Su ma abin da ya hi korarsu shi ne hitila mai haske da oda da kururuwa. Ɓarawon dare ba shi son a farka. In direbobi 5 sun tashi lokaci guda, ya tahi. Laya kuwa, kowa da abin da ya gada, ba a shiga tsakani. Sai dai kar ta sa mutum shi bi hanyar da anka ce mishi kar shi bi.

Barci

Ɗan fashi ba kullum a ke gamuwa da shi ba. Barci kuwa kowane dare shina cikin mota. Mai karatu shi ɗauki alli shi yi wanga lissahi. Mota mai gudun kilometir 80 a awa tana cin mitir 22 cikin daƙiƙa guda, wato ƙibtawar ido. In direba ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa 3, motar ta yi mitir 66 babu mai tuƙi. Cikin mitir 66 akwai amalanke, akwai garken shanu, akwai gada.

Lokacin da ya hi haɗari shi ne tsakiyar dare zuwa asuba, sai kuma bayan azahar in an ci an ƙoshi. A ƙasashen Turai doka ta ce direban babbar mota in ya yi awa 4 da rabi shina tuƙi, dole shi huta minti 45. Kuma a ƙa'ida ba shi wuce awa 9 a yini. Can hanyoyinsu sumul su ke. Mai bin hanyar Tawa zuwa Agadas, da ramu da zahi, gajiyarshi ta hi tasu.

Goro da shayi da kofi suna jinkirta barci, ba su biyan shi. Bashi ne, sai an biya. Mahi muni ita ce ƙwayar tramol da ƴan uwanta, da a ke saidawa a ɓoye cikin tashoshi. Mai shan ta shina jin kamar ba shi gajiya, alhali idonshi da hannunshi sun yi nauyi. Tana sa farfaɗiya ga wanda ya sha da yawa, kuma in jiki ya saba ba a rabuwa da ita da sauƙi. Uban da ɗanshi ya dawo daga tahiya ya rame, shina hushi ba dalili, shi bincika. Maganin barci guda ne: a raɓe wuri mai aminci a kwanta, ko na rabin awa ne.

Wurin kwana shi ma a zaɓe shi. Tasha mai haske, ko kusa da shingen hukuma, ko inda wasu motoci ke kwana. A kulle ƙofofi. A aje mota yadda za ta hita ba sai an ja da baya ba. Yara suna son shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota saboda sanyi. Kahin a yi haka a ja birkin hannu, a tokare ƙafafun mota da guntun icce. Da sahe kuma direba ba shi tada inji sai ya zagaya ya leƙa ƙarƙashi da idonshi. Lokacin ɗari, kar a shiga da gawayin shayi cikin gidan mota a ruhe gilashi. Hayaƙin gawayi ba shi da wari, cikin barci ya ke kashewa. Gidan sauro kuma shi shiga cikin kaya, musamman ga masu zuwa bakin teku, inda damina ke da tsawo.

In mota ta lalace

Mota mai lalacewa bisa kwalta da dare tarko ce ga mai zuwa. A ture ta gehe in da hali. A aje alamar nan mai kusurwa ukku gaba da baya, da nisa, ba gindin mota ba. Rassan icce da a ke jerawa suna taimako, amma in an gama gyara a kwashe su, da duwatsun da anka tokare taya. Dutsen da anka bari bisa kwalta ya isa shi kada mai babur. Kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da ke bisa jak kaɗai, sai an ƙara mata katako mai ƙwari.

A arewa, lalacewar mota zancen ruwa ne. A watan Oktoba na 2013, motoci 2 sunka lalace arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Anka tsinci gawa 92, mahi yawansu mata da yara. Da yawa daga cikinsu mutanen ƙasar Kance ne, cikin jihar Damagaram. A 2017 kuma mutum 44 sunka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku, su ma motarsu ce ta tsaya. Mai shiga hamada ba shi shiga da mota guda. Shi ɗauki ruwan da ya ninka na kwanakin tahiya, cikin jarkoki daban daban, dan in guda ta huje sauran na nan. Shi sanar da ranar tashi da ranar da ya kamata shi kai. In mota ta tsaya, a zauna inuwarta da rana. Masu nema sun hi ganin mota da ganin mutum mai tahiya ƙasa.

Rabon mutanen gari

Saura magana ga waɗanda ke zaune bakin hanya, dan su ma suna cikin masu tsaron direba, ko masu halaka shi.

Wata rana mota na kaɗe akuya, ko saniya, ko Allah shi kiyaye, yaro. Zuciya ta ɓaci, samari su ɗauko sanduna. Tsoron wanga duka shi ke sa direbobi da dama gudu, su bar wanda sunka kaɗe kwance, alhali da sun tsaya da motarsu ko wayarsu ta kai shi likita. Doka ta ce direba shi tsaya shi taimaka. In ya ga taro za shi kashe shi, shi nuhi gidan jandarma mahi kusa kai tsaye shi ba da kanshi, kar shi wuce shi ɓace. Mutanen gari kuwa, aikinsu shi ne su rubuta lambar mota, su kira hukuma, su kai direba gidan maigari a tsare shi lahiya. Diyya daga asiransi ta ke hitowa, kuma sai da takardar jandarma. Direban da anka kashe ba shi biyan kowa, sai dai a kwashi samarin gari zuwa kaso.

Motar da ta kihe da kaya, kayan suna da mai su. Kwasarsu sata ce, ko da gari duka ya yi. A fara ciro mutanen da ke ciki.

Wadda ta hi duka ita ce motar mai, wadda a ke ce ma sitarni ko tanka. Tun da anka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011, waɗanga motoci suna bin kwalta dare da rana. A daren 5 ga watan Mayu na 2019, guda ta kihe a Yamai, kusa da hilin jirgin sama. Mutane sunka taru da jarkoki da bokitai suna ɗiba. Wuta ta tashi. Aƙalla mutum 55 sunka mutu daren nan, wasu sunka cika daga baya a likita. A watan Oktoba na 2024 irin haka ta faru a garin Majiya, cikin jihar Jigawa ta Nijeriya. Can waɗanda sunka mutu sun hi 150.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ba ruwan man ke fara kamawa ba. Tururinshi ne. Tururin isansi ya hi iska nauyi, bin ƙasa ya ke kamar ruwa, shi shiga rami da kwalbati, ido ba shi ganinshi. Taba guda, ko injin babur, ko bokitin ƙarhe da ya gogi kwalta, ya isa. Wanda ke jin warin mai, to cikin tururin ya ke tsaye. In direban sitarni ya hito shina kora mutane, a saurare shi, ya san abin da ya ɗauko. A janye yara nesa, ta wajen da iska ke busowa. A kashe wutar girki a gidajen kusa. A tsaida motoci da babura tun daga nesa, ta ɓangare biyu.

Lambar ƴan sanda 17 ce. Ta ƴan kwana-kwana masu kashe gobara 18 ce. Lambar gidan jandarma na yanki kuwa, maigari ko malamin karatu shi nemo ta ran kasuwa. A rubuta ukkun bisa allo, kowane ɗalibi shi kwahe su cikin littahinshi, a kuma manna takarda guda a rumfar mai shayi ta bakin kwalta.